Gasar darar ces ta tawagogi takwas a intanet: littafin mai shiryawa

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don na san halina: abin da ban rubuta ba, bayan mako biyu sai in rantse ban taɓa faɗa ba. Maganar da muka shafe wata uku muna jujjuyawa a zaurenmu na masu darar ces (chess) ta tsaya yau. Za a yi gasar tawagogi, ƙasa da ƙasa, a intanet. Ba ƙwararru ba ne, ba kuma hukumomin ƙasashensu ne suka turo su ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da ke zama gaban allo idan an tashi daga aiki. Da aka tambayi wanda zai riƙe ragama kowa ya yi gum, ni kuwa bakina ya riga hankalina. Ladan kuturun ban ci ba, amma aski ya hau kaina.

Mu uku ne a kwamiti: ni, da ƙanwata da ta fi ni hannu a Google Sheets nesa ba kusa ba, da wani dattijo da ya daɗe yana alƙalancin gasa a kan allo na zahiri. Shi zan riƙa kira Malam a nan. Ba zan buga wa kowace tawaga ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Dandali bai ba mu wahala ba. Lichess za mu yi amfani da shi, wanda Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa a 2010: kyauta ne, babu talla, kuma mafi yawan 'yan wasanmu suna da asusu a can tun tuni.

Tsarin gasar ne ya ci mana dare biyu. Dandalin yana da nasa tsarin yaƙin tawagogi, inda ake zuba kowa a fili guda na tsawon awa ɗaya ko biyu, ka gama wasa a haɗa ka da wani nan take. Nasara maki 2, canjaras 1, idan ka ci biyu a jere makinka ya fara ninkuwa, kuma kana iya yanke rabin lokacinka da kanka don neman ƙarin maki ɗaya. Akwai daɗi, kuma mai shiryawa ba ya yin komai sai kallo. Amma wannan ba karawar tawaga da tawaga ba ce, kasuwa ce. Wanda ya fi saurin hannu shi ke tara maki, kuma ba za ka taɓa jin abin nan da ake ji ba idan allo uku sun ƙare, sakamako ya tsaya 1½ da 1½, mutum shida sun zuba wa allo na huɗu ido.

Saboda haka mun ɗauki tsarin gasar Olimfiya ta ces: allo huɗu, ɗan canji ɗaya, tawagar da ta ci karawa maki 2, kunnen doki maki 1. Tun gasar Dresden ta 2008 hukumar ces ta duniya, FIDE, ke lissafi da makin karawa maimakon tara makin alluna. Lokaci minti 15 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Kowa zai gamu da kowa. Wannan yana nufin haɗa wasanni ya dawo hannunmu, mu muka jawo wa kanmu.

Talata, 9 ga Satumba

Tawagogi tara sun yi rajista. Tara lamba ce marar daɗi: zagaye tara, karawa 36, kuma kowane mako tawaga ɗaya na zaune ba abokin karawa. Na fara neman ta goma.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ta goma ba ta samu ba, sai ma ta tara ta janye, ba su iya haɗa mutum biyar ba. Ban ji daɗi ba, amma lissafi ya gyaru: tawaga takwas, zagaye bakwai, karawa 28, wasa 112. Indiya, Filifin, Turkiyya, Kenya, Jamus, Sifaniya, Barazil da Kanada.

Yau aikin agogo muka yi. Tsakanin Manila ta Filifin da Toronto ta Kanada awa goma sha biyu ne cif a wannan lokaci na shekara, don haka duk sa'ar da ka zaɓa wani zai yi hamma. Mun tsaya a ƙarfe 2 na rana agogon GMT, kowace Asabar daga 4 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba. A Manila goma na dare ke nan, a Indiya bakwai da rabi na yamma, Turkiyya da Kenya biyar, Jamus da Sifaniya huɗu, São Paulo sha ɗaya na safe, Toronto goma na safe. Kyaftin ɗin Filifin ya ce sun saba, duk gasar duniya su ke kwana a kanta. Na zana ɗan tebur mai kyau da tutoci, kowace ƙasa da lokacinta, na liƙa shi a saman zaurenmu na Discord, manhajar hira da kiran bidiyo. Har na yaba wa kaina.

Asabar, 20 ga Satumba

Dokoki. Na kai wa Malam daftarin farko, shafi ɗaya, ina jin na yi ƙoƙari. Ya karanta ya ce, "Yaro, wannan gaisuwa ce, ba doka ba. Ka rubuta abin da za a yi idan komai ya tafi daidai. Idan komai ya tafi daidai ai ba a neman alƙali." Sai ya shiga jero mini tambayoyi. Idan mutum ya makara fa? Idan intanet ɗinsa ta ɗauke yana gab da cin wasa? Idan hannunsa ya zame ya ajiye sarauniya a bakin dakare? Idan aka kama wani da inji, wato manhajar kwamfuta da ke gaya masa takun da zai yi, bayan ya buga zagaye huɗu, ina makin waɗanda ya cinye?

Ya tuna mini gasar Olimfiya ta intanet da FIDE ta yi a 2020, lokacin annoba, mai tawagogi 163. A zagayen kwata-fainal Armeniya ta janye bayan an ƙi karɓar ƙorafinta kan ɗan wasanta da layinsa ya yanke a karawa da Indiya. Ranar 30 ga Agusta, a wasan ƙarshe, sai abin ya faɗa kan Indiya ita ma: Nihal Sarin da Divya Deshmukh suka rasa layi sakamakon wata babbar tangarɗar intanet da ta shafi ƙasashe da dama, lokacinsu ya ƙare. Ƙarshe shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, ya ba Indiya da Rasha zinare tare. Malam ya ce, "In gemun manya ya kama da wuta haka, kai da kake da mutum arba'in ba ko kwabo, me kake jira?"

Abin da muka rubuta, a taƙaice. Makara ta wuce minti goma, an ci mutum. Yankewar layi a ɓangaren ɗan wasa tasa ce, agogo ba ya tsayawa. Sai idan dandalin kansa ne ya tsaya wa kowa ake sake wasa. Babu mayar da taku. Jerin alluna ba ya canzawa bayan an miƙa shi, kuma ba a sa mutum ƙasa da wanda ya fi da maki sama da 100 a lambar ƙarfi (lambar da ke auna gwanintar ɗan wasa), don kada a ɓoye gwani a allo na huɗu ya riƙa yankan masu rauni. Duk asusun da dandali ya yi wa tambarin karya ƙa'ida, wasanninsa na gasar gaba ɗaya sun zama faɗuwa, makin ya koma ga abokan karawarsa. Kamara a kunne a Discord lokacin wasa. Ƙorafi ta hannun kyaftin kawai, cikin awa 24, a asirce.

Batun lambar ƙarfi ya ɗan ja mu. Wasu suna da lambar FIDE, wadda ke bin lissafin Arpad Elo tun 1970, wasu ba su taɓa zama a gasar zahiri ba. Lichess kuma wani lissafin ne daban mai suna Glicko-2 yake amfani da shi, kowa yana farawa daga 1500, kuma lambobin biyu ba sa hawa sikeli ɗaya. Mun ce lambar dandali ta wasan matsakaicin sauri ita ce abin dubawa, asusu ya kai wata shida, ya buga aƙalla wasa 50 masu lissafi, kuma babu alamar tambaya a gaban lambarsa, wadda ke nuna ba ta zauna ba tukuna.

Kuɗi: sifili. Mun ƙi sa kyautar kuɗi da gangan. Kuɗi na kiran masu maguɗi, kuma aika shi zuwa ƙasa takwas wani aiki ne daban. Takardar shaida za a ba wa kowa.

Laraba, 24 ga Satumba

Kyaftin ɗin Barazil ya turo saƙo cikin damuwa: me ya sa za a fara gasa da canjaras? Na yi ta karanta dokokin ban ga inda na ce haka ba. Ashe da Ingilishi muka rubuta, kuma kalma ɗaya ce a can take nufin canjaras take kuma nufin jefa ƙuri'a. Ya zuba rubutun a injin fassara, injin ya zaɓi wadda ya ga dama. Na sake rubuta dokokin duka da gajerun jimloli, kowace da lambarta, na roƙi kowane kyaftin ya maimaita mini su da nasa kalmomin. Uku daga cikinsu sun fahimci dokar ɗan canji ta hanya uku. Kyaftin takwas sun rubuta "na amince" a ƙarƙashin kwafin ƙarshe, ƙanwata ta ɗauki hoton shafin ta adana.

Asabar, 27 ga Satumba

Gwaji, da tawaga huɗu. Mun bar 'yan wasa su aika wa juna gayyata da kansu, abin ya zama dambarwa: wani ya zaɓi minti 10, wani ya ɗauki fari alhali baƙi ne nasa, wani ya gayyaci mai suna kusan iri ɗaya wanda bai san da wata gasa ba, kuma bawan Allah ya karɓa ya buga. Minti ashirin da biyar kafin alluna takwas su tashi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka bar wannan a hannuna." Dandalin yana da hanyar da mai shiryawa zai haɗa wasanni da yawa a lokaci guda, in dai kowane ɗan wasa ya ba da izini daga asusunsa. Ta nan ake iya rufe maɓallin ba abokin karawa ƙarin daƙiƙa 15 da na soke wasa. Za ta karɓi izinin mutum arba'in kafin Juma'a.

An jefa ƙuri'ar lambobi a bainar kowa. Jadawalin Berger, wanda ke tsara wa zai gamu da wa a kowane zagaye, muka bi: a zagayen farko 1 da 8, 2 da 7, 3 da 6, 4 da 5. Tawagar da aka fara ambata tana da fari a allo na ɗaya da na uku.

Asabar, 4 ga Oktoba. Zagaye na 1

Alluna goma sha shida sun tashi a daƙiƙa ɗaya. Na zauna ina kallo kamar wanda aka yi wa albishir. Mutum ɗaya bai zo ba, ɗan canji ya shiga. An gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

Asabar, 11 ga Oktoba. Zagaye na 2

Abin da Malam ya faɗa ya zo tun ba a je ko'ina ba.

Kanada da Turkiyya. Allo uku sun ƙare, kowa na da 1½. A allo na biyu ɗan Kanada na riƙe da fari, ya ci doki a banza tun tsakiyar wasa, dakarensa ɗaya saura gida biyu ya zama sarauniya, yana da minti huɗu a agogo. Sai hotonsa a Discord ya daskare. Muna kallon agogonsa yana zuba: uku, biyu, ɗaya. Ɗan Turkiyya, Allah ya saka masa, ya rubuto mini yana tambaya ko akwai yadda zai tsayar da agogon. Babu. Mu da kanmu muka rufe maɓallin ƙarin lokaci. Ɗan Kanada ya dawo ta wayarsa daƙiƙa arba'in bayan lokaci ya ƙare. Karawar da za ta zama 2½ da 1½ tasu, ta zama 2½ da 1½ ta Turkiyya.

Ban ji daɗin daren nan ba. Duk wanda ya kalli allon ya san wa ya fi wani a wannan wasa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ƙorafin Kanada ya iso a kan lokaci, cikin ladabi, shafi biyu, har da hoton saƙon kamfanin intanet ɗinsa da ke tabbatar da yankewar. Suna neman a ci gaba daga inda aka tsaya. Kyaftin ɗin Turkiyya ya ce shi ba zai hana ba, amma ba zai roƙa ba.

Gaskiya zuciyata ta karkata. Na ce wa Malam, "Allah ya gafarta Malam, tunda ɗaya ɓangaren bai ƙi ba, me zai hana?" Ya ce in duba abu biyu. Na farko, mutumin ya samu kwana biyu da wannan matsayi a gabansa, ga injin ces na Stockfish kyauta a kowace waya. Wasan da za a ci gaba da shi ba wanda aka bari ba ne. Na biyu, ranar da wani zai ga ana shirin cinye shi ya zare wayar intanet da hannunsa, ya turo hoto irin wannan, da wane baki zan hana shi? "Dokar nan," in ji shi, "ranar da suka sa mata hannu babu wanda ya san kan wa za ta faɗa. Shi ya sa suka yarda. Yau kowa ya san kan wa ta faɗa, duk abin da ka canza yanzu sunan mutum ne a jikinsa."

Mun ƙi karɓar ƙorafin. Na rubuta amsar da kaina, na kawo lambar doka, ban yi dogon wa'azi ba. Kyaftin ɗin ya amsa da kalma ɗaya. Na ƙara shawara a zaure, ba doka ba: kowa ya ajiye manhajar dandalin a buɗe a wayarsa da datar waya, domin wasa ɗaya ne, ana iya ci gaba da shi daga kowace na'ura.

Asabar, 18 ga Oktoba. Zagaye na 3

An buga lafiya, amma bayan an tashi wani ɗan wasa ya rubuta a zauren kowa cewa wanda ya cinye shi inji ne. Ya kama suna. Na goge saƙon cikin minti biyu, na ja masa kunne, na ce ya bi ta kyaftin. Ba zan faɗi ƙasar wanda ake zargi ba, a nan ma.

Talata, 21 ga Oktoba

Na zauna da wasanninsa uku. Allo na uku yake bugawa, uku cikin uku. Binciken inji ya nuna kusan babu kuskure. Amma wannan kaɗai ba hujja ba ce: idan abokin karawarka ya zubar da doki a taku na goma sha biyu, sauran takun duk mai hankali zai gan su, kuma inji zai yaba maka. Kenneth Regan, malamin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Buffalo da ke taimaka wa FIDE a irin wannan bincike, yana cire takun buɗe wasa da aka haddace, yana auna wahalar kowane matsayi, kuma lissafinsa na son wasanni masu yawa. Ni ina da uku, da ido biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokaci. Kowane taku daƙiƙa shida zuwa tara. Inda ake bukatar dogon tunani, takwas. Inda aka ci masa sarauniya kuma babu abin yi sai ya rama, wanda ko yaro zai yi ba tare da ƙiftawa ba, bakwai. Mutum ba ya tunani a kan ma'auni ɗaya haka. Duk da haka zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma dokarmu ba ta ba ni ikon korar mutum da zato ba. Na kai rahoto ga dandali ta hanyar da suka tanada. Sai jira.

Asabar, 25 ga Oktoba. Zagaye na 4

Ya sake ci. Huɗu cikin huɗu. Na kalli kamararsa daga farko har ƙarshe: fuska ce kawai, idonsa na sauka ƙasa kaɗan kafin kowane taku. Mai yiwuwa allon rubutu yake kallo. Kamarar da ke kallon fuska ba ta ganin cinya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Tambarin ya fito a asusunsa da safe. Dandalin ba ya bayyana yadda ya gano, kuma yana da hanyar ɗaukaka ƙara. Na gaya wa kyaftin ɗinsa cewa in aka wanke shi za mu mayar da komai. Kyaftin ɗin ya kira ni muryarsa na rawa. Shekara uku suna dara tare. Bai yi musu ba, abu ɗaya ya roƙa, kada a kori tawagar duka. Doka ba ta ce a kore su ba, don haka suna nan, ɗan canjinsu ya hau.

Ƙanwata ta gyara teburi: wasa huɗu sun juye, karawa biyu sun canza sakamako, ɗaya daga nasara zuwa kunnen doki, ɗaya daga kunnen doki zuwa faɗuwa. Wata tawaga ta tashi daga ta biyar zuwa ta uku tana barci. Abin mamaki, ba wanda ya ce uffan. Doka ta 14 ce, kowa ya sa mata hannu a Satumba.

Na kawo shawarar kamara ta biyu, daga gefe ko baya, mai nuna tebur da hannuwa da fuskar kwamfuta, kamar yadda manyan gasannin intanet ke yi. Tunda sabuwar doka ce a tsakiyar tafiya, na ce sai duk kyaftin takwas sun yarda. Bakwai sun amsa nan take. Na takwas ya ce biyu daga mutanensa a waya suke bugawa, ba su da na'ura ta biyu. An tsaya a kan su aro ta wani a gida na awa ɗaya. Wahalar da wannan zai jawo ita ce data, bidiyo biyu a lokaci guda. Na ce a rage ingancin hoton, ba fim muke ɗauka ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba. Zagaye na 5

Dara ta ci gida.

Ƙarfe biyu agogon GMT alluna suka tashi, takwas daga ciki babu kowa a gefe ɗaya. Babu Jamus, babu Sifaniya, ko mutum ɗaya. Minti biyar ina kiran kyaftin biyu ba amsa. Sai ƙanwata ta ce a hankali, "Yaya, teburinka mai tutoci."

Ƙasashen Tarayyar Turai suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, bana ranar 26. Biyu na rana agogon GMT da ta kasance huɗu a Berlin da Madrid yanzu uku ce. Teburina, da na liƙa tun 14 ga Satumba, har yanzu huɗu yake cewa. Turkiyya ta daina canza agogo tun 2016, Barazil tun 2019, Indiya da Kenya da Filifin ba sa yi, shi ya sa babu wanda ya tuna mini, ni ma ban tuna wa kaina ba.

Doka ta ce makarar minti goma faɗuwa ce. Doka ta kuma ce GMT ne lokacin gasa. In an bi harafi, 4 da 0 sau biyu. Amma takardar da ta ɓatar da su daga hannun kwamiti ta fito, da sunana a ƙasa. Malam bai ɓata lokaci ba: kuskuren mai shiryawa ba a ɗora shi a kan ɗan wasa, wannan tsohuwar ƙa'ida ce a wurin alƙalai. Muka soke alluna takwas. Turkiyya ta yarda ta jira awa ɗaya, aka buga da Jamus. A Manila kuwa sha ɗaya na dare za ta yi, biyu daga cikinsu na da aikin asuba, don haka karawarsu da Sifaniya ta koma gobe Lahadi, ƙarfe 12 agogon GMT.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na san zai zo, ya kuma zo. Kyaftin ɗin Kanada: "Mu daƙiƙa arba'in, an ci mu. Su awa guda, an jira su."

Na daɗe ina kallon saƙon. Amsar da na ba shi ita ce ɗaya laifin layin ɗan wasa ne, ɗaya laifina ne, kuma na nemi gafara a zauren kowa, ba a ɓoye ba. Na yarda da wannan bambanci har zuciyata. Abin da ba zan iya musu ba shi ne babu inda dokarmu ta rubuta shi. Daga kan Malam ya fito, a ranar, bayan kowa ya san wa zai amfana. Wato daidai abin da muka ƙi yi wa Kanada. Hukuncin daidai ne a ganina, amma ƙafarsa ɗaya a iska take, kuma mutumin yana da gaskiyar jin haushi. Na rubuta sabuwar doka ta 21 a kan kuskuren kwamiti, kyaftin takwas sun amince, shi ne na ƙarshe.

Na sauke teburin tutoci. Yanzu Discord ne ke nuna lokacin, da alamar nan da ke juya sa'a zuwa agogon na'urar duk mai karantawa. Da na san da ita a Satumba! Toronto ma ta mayar da agogonta jiya, Lahadin farko ta Nuwamba, don haka wasansu na gaba tara na safe ne, ba goma ba. Na aika musu sau uku. A na ukun kyaftin ya turo hoton agogon bangonsa.

Asabar, 8 ga Nuwamba. Zagaye na 6

Lafiya lau. Kowa a kan lokaci, kamara biyu-biyu. Wata kyanwa ta hau teburin allo na ɗaya na Sifaniya, ba ta ba da shawara ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba. Zagaye na 7

An kammala wasa 112, uku daga ciki ba a buga ba saboda rashin zuwa. Indiya da Barazil kowace maki 11: nasara biyar, kunnen doki ɗaya, faɗuwa ɗaya. Makin alluna 18½ kowace. Karawar da suka yi da juna 2 da 2 ce. Ƙanwata ta sake lissafi sau uku, ni sau ɗaya, Malam da biro a takarda. Haka yake.

Kuɗin da aka kashe har yau bai wuce na data ba. Lokaci kuwa, ƙanwata ta ce ta daina ƙirgawa tun da ta wuce awa sittin.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Doka ta 18 ta tanadi wasan raba gardama: Asabar mai zuwa, 22 ga wata, alluna huɗu, minti 5 da ƙarin daƙiƙa 3. In an sake yin 2 da 2, wasa ɗaya na a-mutu-ko-a-yi-rai: fari minti biyar, baƙi huɗu, canjaras nasarar baƙi ce.

Da na sake karanta ta daren jiya sai na ga rami. Ba mu faɗi wa zai buga wannan wasa ɗaya ba, ko kyaftin ne zai zaɓa ko allo na ɗaya ne dole, ba mu kuma faɗi wa zai ɗauki fari ba. Indiya ta fi ƙarfi a allo na ɗaya, Barazil na da mai saurin hannu a na uku, don haka duk wanda na zaɓa an san wa na yi wa. Malam ya ce a mayar da shi ga ƙuri'a: a jefa ta a gaban kamara, ta fitar da lambar allo daga ɗaya zuwa huɗu, a sake jefawa ta fitar da launi, kuma kada a jefa sai an ga 2 da 2 da ido.

Na aika wa kyaftin biyu rubutun da ƙarfe tara na safe. Na Barazil ya amince. Na Indiya ya ce zai tambayi mutanensa ya dawo kafin Laraba. Saura takardun shaida guda arba'in, ɗaya ba za a buga ba, da tattara wasannin duka a fayil guda don masu son nazari. Ƙanwata ta ce ita ba za ta taɓa takardun ba sai na tabbatar da yadda kowa ke rubuta sunansa, don akwai haruffan Turkanci da na Fotugis da ba ta son a lalata.